Mabushin Da Gari Ya Kira Marowaci

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da sanin sunansa ba zai ƙare ku da komai ba, tun ba a san rediyo ba balle abin da kuke ta latsawa a aljihu. Sunansa Arzika, amma sunan ne kawai. Abin da ya mallaka bai wuce ɗaki biyu da zaure, da 'yar gona, da algaita ɗaya da ya gada wajen ubansa ba. Mabushi ne. To, na ga wasu sun fara kallon juna. Kada wani ya fita daga nan ya ce yau malam ya zauna yana tallar busa. Hukuncin busa yana nan inda yake, malamai sun yi maganarsa, ba shi ya tara mu ba. Halin mutumin nake so ku gani, don Allah yakan ajiye hali nagari a gidan da ni da ku ba za mu taɓa tunanin leƙawa ba.

Arzika ba mabushin fada ba ne, na talakawa ne. In an yi gayya, shi ne a bakin gona yana busa wa manoma takensu har a tashi. Maƙera suna da nasu taken, masaƙa da nasu, mafarauta da nasu, kuma kowane tsohon gida a garin yana da taken kakansa, wanda in aka busa shi ɗan gidan zai tsaya cak ko da kaya ne a kansa. Take sittin da 'yan kai ne a cikin kan Arzika. Ba a rubuce suke ba. Daga bakin kakansa suka zo bakin ubansa, daga nan suka zo nasa. Shi kuwa Allah bai ba shi haihuwa ba, daga shi sai matarsa Tabawa a gidan.

Da tsufa ya zo, ƙarfin ƙirji ya fara ja baya, abu ɗaya ya hana shi sukuni: kada ya mutu da taken nan a cikinsa. Sai ya share zaurensa, ya shimfiɗa tabarma, ya sanar cewa duk mai son koyon algaita ya zo.

Ku saurara ku ji irin koyarwarsa. Wanda duk ya zo, ko ƙurar algaita ba zai gani ba. Za a ajiye masa ƙwarya da ruwa rabi, a miƙa masa reshen gwanda, irin mai ramin nan a ciki, a ce ya tsoma ya busa. Ruwa ya yi ta ɓulɓula, kada ya tsaya. Shi ke nan karatun. Dalili kuwa, algaita ba ta son a yanke mata numfashi. Mabushi na gaske yana tara iska a kumatu yana turo ta waje, a daidai wannan lokacin yana shaƙar sabuwa ta hanci, har mai sauraro ba zai taɓa jin inda aka haɗa ba. Arzika yakan zauna gaban mai koyo, ya yi tagumi, ya zuba wa ruwan ido. Ba ya tsawa, ba ya zagi, duka kuwa bai san shi ba. In ruwa ya kwanta sai ya ce ya tsinke, a sake. Kuma mutum ɗaya yake ɗauka a zama, don ya ce idonsa biyu ne, ɗaya na kan ruwa, ɗaya na kan ƙirjin mai busa.

Samari suka yi ta zuwa, suka yi ta tafiya. Wani ya yi mako, wani ya daure ya yi wata. Wani ya ce shi algaita ya zo koyo, ba fifita kunu ba, ya yar da reshen ya fice. Akwai wani mabushi a garin da ke gaba da nasu wanda tun ranar farko yake sa wa mutum algaita a baki, wata uku ka fara cika wa mutane kunne a gidan biki. Can suka koma. Tabawa ta yi magana har ta gaji. Ta ce ya ba su abin su taɓa mana, ko don su zauna. Ya ce mata wanda aka ba algaita kafin numfashinsa ya haɗu zai koyi yanke take a tsakiya, kuma har ya mutu haka zai riƙa yankewa, shi kuwa ba zai miƙa wa mutum kayan ubansa a yayyanke ba. Shekara huɗu zauren nan yana cika yana watsewa, tsoho yana ƙara rankwafawa.

Sai ga wani mutum ya yi sallama, masaƙi ne, sunansa Labaran. Ba yaro ba ne, ya kusa arba'in, da matarsa da 'ya'ya mata uku. Ya ce tun yana ƙarami in aka busa taken masaƙa sai ya ji kamar shi ake kira, kunya ce ta hana shi zuwa duk shekarun nan. Arzika ya ajiye masa ƙwarya. Kullum bayan la'asar in ya tashi daga saƙa sai ya zo ya durƙusa, ƙaton mutum da gemunsa, yana hura ruwa, masu wucewa suna leƙe suna dariya. Wata ɗaya, wata biyu, wata biyar. Bai taɓa tambayar yaushe za a ba shi algaita ba.

Ran nan ya tsoma reshe ya fara busa, ruwa ya yi ta ɓulɓula. Inuwar katanga ta taso daga gindin bango ta rufe bakin zaure, ruwa bai kwanta ba. Arzika ya tashi ya shiga ciki, ya fito da algaitar ubansa a naɗe cikin ƙyalle, ya miƙa masa. Tabawa ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Ashe Labaran ba haƙuri kaɗai gare shi ba, har da kunne. Sau biyu za a busa masa abu ya ɗauke. Kafin damina ta faɗi ya riƙe take bakwai daram. Tsoho ya dawo da cin tuwonsa, ya dawo da tsokanar Tabawa, in ya fita yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa Allah ya kawo masa magaji.

To, ku gyara zama, nan ne jarrabawar take. Kai da ke gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, da kai nake.

Ƙa'idar Arzika ce ko an ba ka algaita, da ƙwarya ake buɗe karatu kullum. Wata la'asar Labaran yana cikin hura ruwa sai ya yi ɗan tari, ya ci gaba. Arzika da idonsa ba ya barin ruwan, sai ya ga wani siririn jan zare yana yawo a ciki. Labaran ma ya gani. Nan da nan ya girgiza ƙwaryar, ya yi 'yar dariya, ya ce, “Goro ne, Baba.”

Tsoho bai musa ba. Ya ce masa gobe kada ya ci goro kafin ya zo. Gobe ta yi, ba a ci goro ba, jan zaren ya sake fitowa. Sai Arzika ya ce masa ya juya baya, ya kara kunnensa a tsakanin kafaɗunsa, ya ce ya ja numfashi. Abin da ya ji ya san shi. Shekara arba'in da suka wuce ya taɓa jin wannan ƙarar a ƙirjin yayansa Nomau, wanda ya fi shi iya busa nesa ba kusa ba. An ce wa Nomau ya ajiye algaita, ya ƙi. Shekara ɗaya da rabi ya ƙara, ya faɗi a bakin gona ranar wata gayya, jini yana fita ta bakinsa, Arzika ne ya ɗauko shi a kafaɗa. Irin wannan ƙirji yana iya kai mutum tsufa in an lallaɓa shi. In aka matsa shi da algaita, ba ya yafewa.

Ya ce wa Labaran ya je ya huta kwana uku.

Kwana ukun nan, jama'a, Allah kaɗai ya san yadda Arzika ya yi su. Ya je gona ya kasa ɗaga fartanya. Kun san Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da mummunar magana, ya san za a kore shi. Da magana mai kama da hankali yake zuwa. Ya ce masa: shekara ɗaya ce fa. Yadda mutumin nan yake ɗauka, shekara ɗaya ta isa ya kwashe sittin ɗin, shi kuma ya samu wani ya zuba masa. Ya ce masa: ai kwana a hannun Allah yake, wa ya ce maka algaita ke kashewa? Ya ce masa: shi da bakinsa ya ce goro ne, kai mene ne naka na tona? Kuma taken nan ba naka ba ne kai kaɗai, na gari ne, na matattu ne da waɗanda ba a haifa ba. Za ka bar su su ɓata saboda ɗigon jini? Ku duba fa, a cikin maganganun nan ba wadda ba ta da ɗan gaskiya a jikinta. Shi ya sa suke da haɗari.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da Arzika ya kusa faɗawa. Ranar da Labaran ya dawo, bai ajiye masa ƙwarya ba, don ba ya son ya ga abin da zai gani. Algaita ya miƙa masa, ya ce ya busa taken masaƙa. Labaran ya busa. Wallahi an ce ko Arzika a ƙuruciyarsa bai taɓa fitar da taken nan haka ba, har Tabawa ta bar dakanta ta tsaya. Tsoho yana ji, yana kallon jijiyoyin wuyan mutumin sun tashi, yana kallon ƙirjinsa yana kokawa. Sai ya miƙa hannu, a tsakiyar take, ya zare algaitar daga bakinsa. Mutumin da duk rayuwarsa bai yarda a yanke take ba, shi ya yanke shi da hannunsa.

Ya ce, “Labaran, ba goro ba ne. Ka sani, na sani.”

Ya ba shi labarin Nomau, bai rage komai ba. Labaran ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, “Baba, shekara ɗaya kawai. Na ji, na yarda. Raina ne, ni na ce na yarda.”

“Kai ka yarda. 'Ya'yanka uku fa, an tambaye su? Ɗana, na fi ka son abin nan, tun ba a haife ka ba nake ɗauke da shi. Amma ba zan tsaya gaban Allah in ce na sayi take da uban marayu ba.”

Ya ce masa ya ci gaba da zuwa, zai riƙa rera masa sauran da baki, ya riƙe su a ka ko Allah zai kawo wani mai lafiyar ƙirji. Abin da Labaran ya roƙa ɗaya ne, kada kowa ya ji. Don a garin nan in aka ce ana tarin jini a gida, an gama da gidan, ba mai cin abincinsu, ba mai neman 'yarsu, ga shi babbar tasa ta isa aure. Arzika ya ce masa daga bakinsa ba mai ji, ko Tabawa.

Labaran ya fita, bai sake dawowa ba. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi mugu. Baƙin ciki ne, da kunya, da tsoron a tambaye shi me ya sa yake zuwa ya zauna ba ya busa. In mutane suka tare shi a wurin saƙa suka tambaye shi me ya faru, sai ya ce, “Tsohon ne ya ce in bari.” Gaskiya ya faɗa. Rabinta ya faɗa.

Sauran rabin gari ya cike shi, kun san halinmu. Aka ce ai dama. Aka ce tsoho ya ga mutumin zai fi shi, hassada ta tashi. Aka ce duk hura ruwan nan dabara ce ta korar mutane, da ya ga wannan ya ƙi koruwa sai ya fito da halinsa a fili. Waɗanda suka gudu bayan mako ɗaya su ne suka fi kowa baki, don an ba su hujjar da suke nema. Ba wanda ya taka ya je zauren ya ce, Baba, me ya faru? Ko ɗaya. Aka daina kiransa gayya, aka koma ɗauko samarin nan masu ƙara. Ba wanda ya sake zuwa koyo, wa zai ɓata watanninsa a wurin marowaci?

Duk wannan da sauƙi a kan na cikin gida. Tabawa ta ga yadda mijinta ya dawo mutum saboda Labaran, ta kuma ji da kunnenta busar ranar nan. Ta tambaye shi da lalama, ta tambaye shi da kuka, ta tambaye shi da faɗa. Amsarsa ɗaya, haka ya fi alheri. Mace ce da ta yi shekara arba'in tana kare shi a bakin rijiya, yanzu ba ta da abin faɗa. A hankali ita ma ta yarda da maganar gari. Ranta ya ɓaci da shi ƙwarai, har kalmar nan ta rowa ta shigo ɗakinsu ta zauna.

Shekara biyu ya yi a haka. Numfashi ya ƙare, ko take ɗaya ba ya iya kaiwa ƙarshe. Sai ya zauna a zaure shi kaɗai yana taɓa yatsunsa a jikin sandarsa, yana bin taken ɗaya bayan ɗaya don kada su gudu. Suka fara gudu duk da haka. Wata rana zai nemi na gidan wane ya rasa farkonsa, ya yi ta lalube har rana ta juya. In ya bi ta wurin masaƙa yakan tsaya ya gaida Labaran, ya tambayi yara, ya ce a rage zama cikin ƙurar auduga. Labaran ya amsa kansa a ƙasa. Sau nawa gaskiyar ta zo wa Labaran baki, sau nawa ya ce sai an ɗaura auren babbar, sai an ɗaura na mai bi mata. Kullum da sauran lokaci.

Bayan kaka, wata safiya da hantsi, Arzika ya cika.

Ranar uku ana zaune a ƙofar gidan, wani dattijo ya ce Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sallah, sai dai ya tafi da kayan mutane. Nan Labaran ya kasa. Ya tashi tsaye a gaban kowa ya faɗi duka, jinin, da goron da ba goro ba, da roƙon da ya yi a bar shi ya busa, da alkawarin da ya ɗora wa tsoho. Yana magana yana kuka.

Kuna tsammanin gari ya girgiza? Aka ce, ashe? Aka ce Allah sarki. Wani ya ce shi dama ya yi zargin akwai wani abu. Waɗanda ke kusa da Labaran suka ɗan matsa da tabarmarsu. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.

Mutum ɗaya ce maganar ta shiga, wadda ke bayan zana tana ji. Tabawa ta aika a kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana cewa, Inna, ki yafe mini. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, “Da safen da zai tafi na kai masa koko, ya kasa sha. Na ce masa, to, ga shi za ka tafi da su, rowa har kabari. Ya dube ni kawai. Ita ce maganata ta ƙarshe da shi, Labaran. Da kwana huɗu ka rigaya, da na samu na roƙe shi gafara.”

Labaran ya rayu har ya yi furfura, ya aurar da 'ya'yansa uku, ya ga jikoki. Take bakwai ɗin da ya riƙe ba wanda ya taɓa tambayarsa su, suka bi shi. Sauran kuwa tun ranar hantsin nan suka ƙare. Yau a garin ba wanda ya san gidansu ya taɓa samun take.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce sai ga wani baƙo ya zo da taken, ko an yi mafarki, ko gari ya tuba. Ba a yi ba. Arzika ya rasa magaji, ya rasa suna, ya rasa daɗin matarsa, ya rasa abin da ya fi so a duniya, kuma bai ga sakamakon komai da idonsa ba. Haka gaskiya take yi wani lokaci, kuma duk wanda ya ce muku kullum ana biyan mai ita a nan duniya, lallashinku yake yi. Sakamakon irinsu yana wurin Wanda ba a ɓoye masa komai.

Darasin shi ne: burinka, komai kyansa, bai kai ran wani ba. Kai mai koyarwa, kai maigidan sana'a, kai uba, in ka ga abin da kake so a cim ma yana cin wanda ke hannunka, ka tsayar da shi, ko da shi da bakinsa yana cewa ya yarda. Nawa ne a cikinmu muka ga alama ƙarara muka kau da kai, don aikin bai ƙare ba tukuna?

Sannan ku da bakinku ba ya gajiya da cike rabin labari, ku ji tsoron Allah. Amma wanda na fi jin tsoro dominsa shi ne mai irin shirun Labaran. Na tabbata a zaunen nan akwai wanda ya san gaskiyar da za ta wanke wani, wani da ake zagi yau saboda ya rufa masa asiri, yana ta cewa sai lokaci ya yi. Ba ka san kwanan mutumin ba, ba ka san wa ke gaya masa baƙar magana a cikin ɗakinsa saboda shirunka ba. In mun shafa, kada ka tsaya gaisawa da kowa. Ka je ka faɗa tun yana da kunnen ji. Allah ya ba mu ikon yi, ya jiƙan waɗanda muka zalunta ba mu sani ba.